Jan Baƙi Babu Fassara: Fahimtar Karatu a Firamaren Ƙauyukan Arewacin Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, daga Ungoggo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, tana cikin yankunan karkara mafiya yawan jama'a a Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta, ya nuna yadda manomanta ke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, da ƙarfin taki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, da kiwon awaki da tumaki a gida. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona. Saboda haka nisan makaranta, wanda ke addabar yaran wasu yankuna, ba shi ne babbar damuwar yaron wannan yanki ba. Damuwarsa tana cikin aji. Sai ya shekara huɗu yana zuwa, ya iya rera duk abin da ke kan allo tare da 'yan ajinsu, amma in aka miƙa masa sakin layin da bai taɓa gani ba, aka ce wa ya yi me, kuma don me, sai ya yi zuru.

Ba a Kano kaɗai abin yake ba. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi. Gwajin karatun Hausa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya nuna mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwan da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. A Kano kuwa, shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil ya ɗauki 'yan aji huɗu zuwa shida ya koma da su kan baƙaƙe da gaɓoɓi, yana kasa su gwargwadon abin da suka iya, bisa tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi. Dabara ce mai kyau. Sai dai buƙatar irin wannan shiri ga ɗan aji shida ita kanta shaida ce a kan abin da ya faru daga aji ɗaya zuwa uku.

A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka kawo bayani mai sauƙi game da fahimtar karatu. Suka ce abu biyu ne ke haifar da ita: iya haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, da kuma gane harshen da aka yi rubutun da shi. Ba tara su ake yi ba, ninka ɗaya ake yi da ɗaya, don haka in ɗayansu sifili ne, sakamakon ma sifili ne. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan rabe-rabe. A wajen tafsiri akwai alaramma mai jan baƙi, akwai malam mai fassara, kuma babu wanda zai ce an yi tafsiri in alaramma kaɗai ya yi aikinsa. Tsarin karatunmu na gargajiya ya san da haka sarai. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya kai ga haɗa su, ya yi ta tilawa har sauka. Daga nan sai ya zauna a zaure gaban malami da Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ana biya masa jimla-jimla ana fassarawa da Hausa, yana tambaya ana ba shi amsa. Firamaren boko ta karkara ta ɗauki rabin farko na wannan tsari, wato maimaitawa da murya ɗaya, ta bar rabin na biyu. Malam ya faɗa, aji ya amsa. Ya ce, "Kun gane?" Aji ya ce, "E, Malam." A ajin da yara suka cika maƙil wannan ce hanya mafi sauƙi ta riƙe su, ba kuma zan ga laifin malamin da ya bi ta ba. Amma yaron da ke can baya yana motsa baki kawai, babu mai ganewa har ya fita.

Rubutun boko kansa yana ƙara wa fahimta muhimmanci. Yana da sauƙin koyo idan aka gwada shi da na Ingilishi, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Amma ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Wanda ya ga "fari ya yi ɓarna bana" da "fari sun yi ɓarna bana" sai ya duba kalmar da ke biye kafin ya san ko ƙarancin ruwan sama ake nufi ko ƙwari, kafin ma ya san yadda zai furta ta farkon. Ke nan mai karatun Hausa ba ya iya ko furuci daidai sai yana bin ma'ana. Wanda ya koyi jan baƙi zalla zai yi ta tuntuɓe.

Inda na fi son a tsaya shi ne abin da yaron ke zuwa da shi daga gida. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba ɗaliban ƙaramar sakandare a Amurka wani rubutu a kan wasan besbol. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi ƙwararrun masu karatu da ba su san shi ba gane abin da aka rubuta. Darasin a fili yake: sanin abin da ake magana a kansa babban ɓangare ne na fahimta. To, me ɗan shekara tara a wani ƙauyen Minjibir ya sani? Ya san bambancin gero da maiwa. Ya san noman firi da maimai, ya san ranar da za a fita gandu da ranar da yayansa zai tafi gayaunarsa. Ya san ƙuduji na kashe dawa, ya san gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi ke kyau a gindinsa. Ya san dalilin da ake ɗaure harawa a ɗora kan bishiya. 'Yar'uwarsa mai tallar ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa tana lissafin canji da bashi a ka, tana kawo wa uwarta labarin unguwa daki-daki, da wanda ya fara da wanda ya rama. Da dare ana yi musu tatsuniya da kacici-kacici, inda gano abin da ba a faɗa ba shi ne wasan gaba ɗaya. Duk abin da littattafan koyarwa ke kira dabarun fahimta, wato jeranta aukuwa, gano dalili, hasashen abin da zai biyo, tsamo manufa, yaran nan suna yin su da baka kowace rana. Abin da makaranta ta kasa shi ne ta haɗa wannan baiwa da takarda. Sai ta ba su darasin auna fahimta a kan rayuwar da ba su taɓa gani ba, cikin harshen da ba su ji, sannan ta rubuta musu sifili.

Za a iya cewa aikin makaranta shi ne ta fitar da yaro daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, kuma ɗan manomi ma yana da haƙƙin sanin teku da jirgin ƙasa da ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne, ban kuma ce a tsare shi a bakin rumbu ba. Batun na jeri ne. Yaron da ya fara karanta labarin yadda buhun ridi ke tashi daga gonarsu ya isa kasuwar Dawanau, ya gane shi, ya yi gardama a kansa, shi ne zai iya bin buhun nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas har ƙetare. Sabon sani a kan tsoho yake hawa.

Haka batun harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, daga baya a koma Ingilishi. A aikace abin da ake gani a ƙauye wani gauraye ne: littafi da jarrabawa da Ingilishi, bayani da tsawa da Hausa, karatu kuwa ba a ƙware da ko ɗaya ba. Iyaye da yawa Turancin suke so, kuma suna da hujja, domin shi ne harshen jarrabawa da neman aiki. Amma gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, ana koya musu Ingilishi a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba. Yaro sau ɗaya yake koyon yadda rubutu ke ɗaukar magana. In ya iya da Hausa, da shi zai shiga Turanci.

Saura littafi. Waɗanda suka yi firamare a da suna tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, daga nan a kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tsani ne mai hawa-hawa. Yau a gidaje da yawa na wannan yanki rubutun boko da yaro ke gani bai wuce na buhun taki da fastar 'yan siyasa ba. Dokar ilimi kyauta kuma dole da aka shigo da ita a Kano ta ƙara cika azuzuwa, amma cikar aji ba ta sa littafi a hannun yaro. Ƙananan littattafan Hausa masu shafi takwas ko goma, waɗanda malamai da ɗaliban kwalejojin ilimi irin ta Bichi za su iya rubutawa a kan saƙar Minjibir ko noman rani a Watari, ba su kai tsadar aji ɗaya da za a gina ba. Kuma jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wanda ya saba duba rajista da tsarin darasin malami ya sa hannu ya tafi, zai fi sanin halin da makaranta ke ciki in ya kira yara biyar daga layin baya, ya ba kowanne jimla shida da bai taɓa gani ba, ya rufe takardar, ya ce ya ba shi labarin da bakinsa.