Giwan Ruwa da Masuntan Ƙasar Minna

Wanda ya shiga kasuwannin Minna a wannan zamani, ya ga bandar kifi jibge cikin kwanduna, ga ɗanyar tarwaɗa tana motsi cikin baho, zai iya zaton mutanen garin masunta ne tun kaka da kakanni, alhali kuwa asalin wurin mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, manoman doya da dawa da suka zaɓi kan duwatsu domin tsare kansu daga mahara, ba su da wani ruwa a kusa sai Chanchaga da 'yan rafukan da ke janyewa da rani. Hanyar jirgin ƙasa ce ta fara sada garin da babban ruwa, domin layin da Turawa suka soma shimfiɗawa daga Baro a bakin Kwara cikin 1907, ya ratsa ta Minna, ya isa Kano cikin 1911, shi ya buɗe wa kifin ƙasar Nufe ƙofar arewa. Amma sana'ar su kanta ta girmi jirgin ƙasa da ƙarnuka, kuma wanda ke son sanin asalinta sai ya gangara Kogin Kaduna har inda ya zuba cikin Kwara.

A can ne Muregi take, mazaunin Kuta, sarkin Kede, wato wani ɓangare na Nufawa waɗanda Allah ya hore wa ruwa kamar yadda ya hore wa waɗansu doki da takobi. Su ne masu manyan jirage, masu fiton fatake da dakon goro da kanwa da gishiri, kuma su ne ke ƙetarar da rundunar Etsu Nufe idan yaƙi ya tashi, har ya zamana ba sarkin da zai yi mulkin gaɓar nan biyu ba tare da yardarsu ba. An ga haƙiƙanin wannan cikin 1897, sa'ad da kamfanin Turawan Ingila mai ciniki a Kwara ya ɗaura wa Bida yaƙi: da Kede suka karkata ga kamfanin, sai rundunar Bida da ke ƙetaren kogi ta rasa jiragen komowa. Wani masani mai suna Nadel ya zauna cikin Nufawa, ya bayyana tsarin sarautar Kede a rubuce-rubucensa, kuma abin da ya fi jan hankali a bayaninsa shi ne yadda aka raba kogin gunduma-gunduma, kowace da wakilin Kuta mai karɓar haraji da yanke hukunci, tamkar dai ƙasa ce ta tudu.

Daga yamma kuwa, wajen Yawuri da Kabi, Sarkawa ne ke riƙe da ruwa. Masana tarihi suna danganta su da Sorko na daular Songhai, waɗanda suka shahara da farautar dorina da zago, sa'an nan suka zauna ƙarƙashin Kanta na Kabi da magadansa har harshensu ya koma Hausa. Ta wajensu da Kabawa ne akasarin ilimin su ya bazu cikin Hausawa, shi ya sa har yau duk tafkin da ka je a Jihar Neja, sunayen kayan aiki da na kifi da za ka ji a bakin masunta na Hausa ne: ga homa da gora irin na Argungu, ga birgi da ake wurgawa daga kan kwalekwale ya buɗe a sama kafin ya faɗa, ga kalli da ake shimfiɗawa da magariba a duba da asuba, ga mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake kwantarwa a ƙasan ruwa. A da, da zaren rama da na auduga ake saƙa waɗannan komaye, su kan ruɓe cikin ɗan lokaci, saboda haka rabin aikin masunci saƙa ne da gyara a inuwar bishiya. Kwalekwalen kuma daga gungumen itace guda ake sassaƙa shi, maɗaci ko kawo, a ƙwaƙule cikinsa da gizago, ya ɗauki mutum biyu, ɗaya a baya da filafili ko gwangwala yana tuƙi, ɗaya a gaba yana tsaye da koma, kuma galibi uba ne da ɗansa, domin a nan ne makarantar sana'ar take.

Kifayen kogin suna da yawa, akwai karfasa da ƙurungu da ramboshi da yauni da balli da faliya, akwai tsage mai haƙora a waje, akwai minjirya wadda ke girgiza wanda ya taɓa ta. Amma sarkinsu duka giwan ruwa ne, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Kifi ne mai farin jiki kamar azurfa, mai faɗin baki da ƙayoyi a gadon baya, ba ya cin ciyawa ko laka, 'yan'uwansa kifaye kaɗai yake farauta, yana laɓewa a gurbi mai zurfi, gindin dutse ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, har abin da yake jira ya gifta. Ya kan kai tsawon mutum, kuma an sami wanda ya haura kilo 100, ko da yake irin wannan ya zama abin labari. Masunta sukan ɗana masa babbar ƙugiya da ƙaramin kifi mai rai, idan ya haɗiya sai ya yi ƙasa da ƙarfi, ya ja kwalekwalen da mutanen cikinsa, wani lokaci ya yi tsalle sama yana kaɗa kai domin ya fitar da ƙugiyar. A nan ake gane gwani, domin wanda ya yi gardama da shi igiya za ta tsinke ko jirgi ya kife, wanda kuwa ya sassauta masa ya bi shi da haƙuri har ya gaji, shi zai jawo shi gefen jirgi ya sa masa zago. Turawan mulki da suka zauna Zungeru, wadda ta zama hedkwatar Arewa cikin 1902, sun yi sha'awar kifin nan ƙwarai, suna fita da sandar fatsa mai ƙarfe domin nishaɗi.  Masuncinmu bai san wannan ba, domin shi giwan ruwa guda ɗaya na iya zama masa kuɗin hatsin wata, ko tufafin sallar iyali.

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne, kogin da kansa yana da nizami wanda Mahalicci ya tsara masa. Idan damina ta kankama, Kaduna ta cika ta malala cikin fadamu, sai kifaye su bi ruwan su shiga ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a inda koma ba ta iya shiga; idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, manya su koma kogi, saura su maƙale a tafkuna da guraben da suka yanke. Waɗannan guraben ba a shiga su sai da izinin sarkin ruwa, shi ke sa ranar buɗewa, shi ke hana kamun da bai yi lokaci ba, shi ke sulhunta masunta idan igiyoyinsu suka sarƙe. Gaskiya ne a cikin al'adun sarautar akwai yanke-yanke da roƙon iskokin ruwa, abin da malamai suka yi inkari a kansa tun zamanin jihadi, kuma suna da hujja. Sai dai a ganina wajibi ne a rarrabe tsakanin waccan bidi'a da hukuncin hana su a lokacin haihuwar kifi, domin shi wannan maslaha ce tsantsa wadda shari'a ba ta ƙi ba. Mazhabar Malikiyya ta sauƙaƙa al'amarin abincin ruwa matuƙa, ta halatta shi ba tare da yanka ba, amma halaccin abu bai taɓa zama izinin israfi a cikinsa ba, kuma sarakunan ruwa na da, ko da ba su karanta wannan a littafi ba, sun yi aiki da shi.

Sa'an nan zamanin madatsai ya zo. An aza harsashin ta Kainji cikin 1964 a mulkin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka tare ruwan cikin 1968, ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Baturen nan matafiyi Mungo Park ya halaka cikin 1806, ya tashi mutane sama da 40,000 daga gidajen iyayensu. Cikin shekarun farko kifi ya yi albarkar da ba a taɓa gani ba, musamman faliya, saboda ciyayi da gonakin da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abinci. Masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Sakkwato da Barno, har daga Mali da Nijar. Ba a cika shekara 10 ba kamun ya faɗi warwas, domin abincin nan na ɗan lokaci ne, jiragen kuma sun fi abin da ruwan zai iya ɗauka. Cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Bussa, wadda ta faro daga aikin nazarin tafkin cikin 1968, ta rubuta wannan duka, ta yi gargaɗi.

Abin da ya kawo babban ruwa ƙofar Minna kuwa shi ne madatsar Shiroro, a wani matsatsin duwatsu na Kogin Kaduna, kimanin kilomita 60 daga garin, wadda aka ƙaddamar cikin 1990 da ƙarfin megawat 600. Kafin ita an gina ta Tagwai cikin 1978 domin ruwan shan sabuwar hedkwatar jiha, ita ma masunta suka same ta. Ba domin kifi aka gina ko ɗaya daga cikinsu ba. Injiniyoyi lantarki da famfo suke lissafi, masunci bai shiga takardarsu ba. Duk da haka, kafin ruwan Shiroro ya gama kwanciya, masunta Hausawa da Nufawa sun kafa bukkoki a gaɓarsa, kasuwar Zumba ta cika da banda, 'yan kasuwa suna ɗauka ta garuruwan Kuta da Gwada zuwa Minna. Gbagyi da ruwa ya cinye musu fadamu, waɗansu suka hau tudu suka ci gaba da noma a ƙasar da ba ta kai ta da ba, waɗansu samarinsu suka zauna wajen baƙin nan suka koyi tuƙi da jifan birgi. Wannan koyo abin yabo ne ga ɓangarorin biyu, amma bai biya wa manomi gonar kakansa ba, kuma abin baƙin ciki ne a ce ƙauyuka da yawa da ke kallon tafkin sun daɗe suna kwana cikin duhu, wayoyin wuta suna wucewa ta kansu zuwa birane.

Su a tafki ba irin na kogi ba ne. Ruwan ba ya gudu, amma idan iska ta taso ya kan yi igiyar da ƙaramin kwalekwale ba ya jurewa, shi ya sa jirgin katako mai faɗi, daga baya mai inji, ya maye gurbin sassaƙaƙƙen gungume, balle ma manyan itatuwan sassaƙa sun yi wuya. Itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashi, suna yaga koma, suna fasa jirgi da dare, ko da yake su ne kuma maɓoyar giwan ruwa. Cikar ruwa da janyewarsa ba ga damina kaɗai suke ba yanzu, suna ga hannun masu buɗe ƙofofin madatsa, kuma mutanen ƙasan kogi, daga Wushishi har Muregi, sun sha ganin ambaliya ta zo musu ba shiri. Zaren nailan ya shigo, mai araha, wanda ba ya ruɓewa, sai kowa ya iya mallakar koma, ido kuma ya yi ta ƙanƙancewa har aka kai ga amfani da gidan sauro. A Kainji aka yawaita dala, doguwar komar da ake ja daga gaɓa ta kwashe babba da jariri. Mafi muni, waɗansu marasa tsoron Allah suka bar magimfa ta gargajiya suka koma zuba maganin ƙwari irin su Gamalin cikin ruwan da mutane da dabbobi ke sha, wanda fasadi ne a bayan ƙasa, ba sana'a ba.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar tarayya ta 1992 a kan su cikin ruwayen ƙasa ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana koma mai idon da bai kai inci 3 ba. Amma ma'aikaci ɗaya ba ya tsare gaɓar da ta kai tafiyar kwanaki, kuma abin da aka gani a Kainji, lokacin da Jamusawa suka haɗa hannu da gwamnati a shekarun 1990, shi ne doka ba ta kama ƙasa ba sai da aka shigo da sarakuna da sarakunan ruwa cikin ba da lasisi da hana dala. A Shiroro wata musiba ta ƙaru a shekarun baya-bayan nan, domin 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan ƙetare, wajen Allawa da Gurmana da Galadima Kogo, har jirgin masunci ya zama shi ne hanyar kasuwa da ta gudun hijira, a cika shi fiye da kima, ba rigar ruwa, a yi ta asarar rayuka. Hukumar raya yankunan madatsai, wadda hedkwatarta ke Minna, tana raba rigunan ruwa, sai dai buƙata ta fi abin da ake rabawa.

Yanzu ga madatsa ta Zungeru, wadda aka fara cikin 2013 aka kammala cikin 2023 da megawat 700, a kan wannan Kogin Kaduna, ƙasa da Shiroro. Sabon tafkinta yana cikin shekarun yalwa irin waɗanda Kainji ta gani a farkonta, masunta kuma sun riga sun fara ɗaura kaya zuwa can. Giwan ruwa ba ya kai girman haihuwa sai ya shekara uku ko fiye, macen ma ta fi namijin jinkiri, saboda haka a waɗannan shekarun ne ya kamata gwamnatin jiha ta zauna da sarakunan ruwa na wurin, a ƙidaya jirage, a ƙayyade idon koma, a keɓe fadamun da kifi ke haihuwa daga watan Yuli zuwa Satumba.