Joseph Cardijn da tarihin shigar matasa cikin rayuwar majami'ar Katolika

A ƙarshen ƙarni na 19, limaman cocin Katolika na biranen masana'antu a Turai sun yi ta kokawa da abu guda. Yaro yakan taso a majami'ar unguwarsu, a yi masa baftisma, ya yi karatun addini, ya karɓi jibin Ubangiji karon farko yana ɗan shekara 11 ko 12. Daga nan sai ya shiga masaƙa ko mahaƙar kwal, ba a sake ganin ƙeyarsa sai ranar ɗaurin aurensa, wani ma sai ranar da aka kawo gawarsa. Ranar Lahadi yara na gaba, tsofaffi na baya, amma wurin samari da ƴammata masu jini a jika wayam yake. Yadda aka yi ta neman maganin wannan giɓi tarihi ne mai tsawo, kuma mutumin da ya fi kowa sauya salon neman shi ne wani limami ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Joseph Cardijn.

Kafin zamaninsa akwai dabarar da aka saba da ita. A birnin Torino na Italiya, Don Bosco ya fara tara yaran titi da masu koyon sana'a tun 1841, yana haɗa musu wasa da addu'a da koyon aikin hannu. A Faransa da Beljiyam kuma majami'u da yawa sun buɗe filin matasa, abin da ake kira patronage da Faransanci, inda ake motsa jiki, ana wasan kwaikwayo, ana busa da kiɗa. Wasu daga cikin waɗannan filaye sun yi suna har yau: ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta AJ Auxerre, wani limami ne mai suna Ernest Deschamps ya kafa ta a 1905 domin samarin majami'arsa. Dabarar ta yi amfani, sai dai tana da iyaka. Limami da manyan gari masu hannu da shuni su ne ke tsara komai, matasa kuwa ƴan karɓa ne. Manufar ita ce a killace yaro na ƴan sa'o'i daga sharrin masana'anta. Da ya fara karɓar albashi ya ji ya zama mutum, sai ya ɗauki filin tamkar wurin ƙananan yara, ya bar shi.

An haifi Cardijn a 1882 a Schaerbeek, wata unguwa ta birnin Burusel, ya girma a garin Halle. Iyayensa talakawa ne, mahaifinsa ƙaramin mai sayar da kwal ne. Da ya gama firamare, abin da ake jira shi ne ya kama aiki kamar tsararsa, amma ya roƙi a bar shi ya shiga makarantar limanci, mahaifin ya yarda ya ci gaba da wahala domin ɗan ya yi karatu. Da ya dawo hutu sai ya tarar abokan wasansa, waɗanda suka riga suka shiga masana'antu, sun juya masa baya. A ganinsu ya koma ɓangaren masu gida, domin a idon ma'aikacin wancan zamani coci da mai masana'anta bakinsu ɗaya. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Lokacin da mahaifinsa ya rasu a 1903, ya ɗauki alkawarin ba da rayuwarsa ga matasa ma'aikata. An naɗa shi limami a 1906, ya yi ƴan shekaru yana koyarwa, yana amfani da hutunsa wajen ziyartar yankunan ma'aikata a Jamus da Faransa da Ingila, yana nazarin ƙungiyoyin ƙwadago.

A 1912 aka tura shi majami'ar Laeken, a arewacin Burusel, a matsayin mataimakin limami. Can ya fara da ƴammata masu ɗinki, sannan samari. Da sassafe yakan tsaya a kan hanyar da ma'aikata ke bi zuwa aiki, ya jera da su yana tambaya: a ina kake aiki, nawa ake biyan ka, ƙarfe nawa kake tashi? Bai fara da tambayar dalilin da ya hana su zuwa majami'a ba. Yaƙin duniya na farko ya katse aikin, Jamusawan da suka mamaye ƙasar suka ɗaure shi har sau biyu. A 1919, tare da samari uku, Fernand Tonnet da Paul Garcet da Jacques Meert, ya kafa ƙungiyar matasa ƴan ƙwadago, wadda a 1924 ta ɗauki sunan Jeunesse Ouvrière Chrétienne, wato Matasa Ma'aikata Kirista, JOC a taƙaice.

Abin da ya bambanta JOC da filayen da suka gabace ta shi ne wanda ke riƙe da ragama. Shugaban reshe matashi ne, haka magatakarda, haka ma'aji. Limami mai rakiya ne da ba da shawara, ba shi da kujerar shugabanci. Membobi ke biyan kuɗin ƙungiya daga ɗan albashinsu, su ke rubuta jaridarsu, su ke sayar da ita a ƙofar masana'anta da tashar jirgin ƙasa. Cardijn ya sha nanata cewa ƙungiyar ta matasa ce, a tsakaninsu take, da hannunsu za ta tafi, domin su aka yi ta. Yakan ce kuma darajar matashi ma'aikaci guda ta fi dukan zinariyar duniya, tun da ɗan Allah ne.

Hanyar aikin matakai uku gare ta: duba, auna, aikata. Ƙaramin rukuni, mutum kaɗan da suka san juna, kan haɗu kowane mako, kowa da ɗan littafinsa na aljihu. A matakin dubawa, kowa zai kawo abin da ya gani da idonsa a wurin aiki ko a unguwa, da suna da rana da adadi: yara nawa ke aiki a sashensa, awa nawa suke yi, wane ne injin ya yanke wa yatsa, ina ƴammata ke canza tufafi, me ake ci da rana. Ba a karɓar "an ce". A matakin aunawa, sai a ɗora abin da aka gani a kan ma'aunin Linjila da koyarwar coci game da haƙƙin ma'aikaci, wadda Paparoma Leo na 13 ya shimfiɗa a 1891. A matakin aikatawa, rukunin zai yanke abu guda da za a iya yi kafin mako ya zagayo, a faɗi wanda zai yi shi: wane zai kai wa majinyaci ziyara, wane zai raka sabon yaro ranar farkonsa a masana'anta, wane zai tunkari shugaban sashe. Mako mai zuwa za a tambaye shi. Daga irin waɗannan ƙananan ayyuka ne asusun ajiya ya fito, da sashen ba da shawara kan zaɓen sana'a, da kula da marasa lafiya da marasa aiki, da shirya matasa ga aure. Yaron da ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya koyi rubuta rahoto, riƙe kuɗin jama'a da magana a gaban taro.

Ba a karɓi wannan tsari hannu biyu ba. Jagororin babbar ƙungiyar matasan Katolika ta Beljiyam, wadda ɗalibai da ƴaƴan masu hali suka fi yawa a cikinta, sun zargi Cardijn da raba kan masu bi gida-gida bisa arziki, wasu kuma suka ce gurguzu ne sanye da rigar limami. Kadina Mercier, shugaban cocin ƙasar, yana ƙaunar Cardijn amma ya yi ta jan ƙafa. A watan Maris na 1925 Cardijn ya tafi Roma, ya samu ganin Paparoma Pius na 11, wanda ya sa wa aikin albarka. Daga nan ƙofa ta buɗe. A shekarar aka yi babban taron ƙasa na farko a Burusel. Ba da jimawa ba limami Georges Guérin ya dasa reshe a Clichy, a gefen birnin Paris. Zuwa 1929 an samu irinta ta matasa manoma, JAC, da ta ɗalibai, JEC, duka a kan matakan nan uku. A 1935, taron cika shekara goma ya tara matasa kimanin dubu 100 a filin wasa na Heysel.

Yaƙin duniya na biyu ya gwada ƙarfin tarbiyyar. Ƴan Nazi sun kama Cardijn a 1942. Tonnet da Garcet, biyu daga cikin samarin farko, sun mutu a sansanin Dachau a 1945. A shekarar ce kuma Marcel Callo, matashi ma'aikacin maɗaba'a daga birnin Rennes, ya mutu a sansanin Mauthausen, bayan an kama shi saboda tara ƴan uwansa da aka kai aikin tilas Jamus. Coci ta ɗaukaka shi zuwa matsayin mai albarka a 1987. Bayan yaƙi ƙungiyar ta bazu a Latin Amurka da Asiya da Afirka. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, JOC ta shiga biranen da ke da tashar jiragen ruwa da layin dogo, JAC ta shiga karkara, JEC kuma ta kama a makarantun sakandare. A watan Agusta na 1957 matasa ma'aikata kimanin dubu 32 daga nahiyoyi daban-daban suka hallara a Roma. A 1961 Paparoma Yohanna na 23 ya ambaci matakan uku cikin wasiƙarsa Mater et Magistra. A 1965 Paparoma Bulus na 6 ya naɗa Cardijn kadina, kuma a shekarar babban taron Vatikan na biyu ya fitar da takarda kan aikin masu bi waɗanda ba limamai ba. Cardijn ya rasu a watan Yuli na 1967, aka binne shi a majami'ar Laeken inda ya fara. Shekara guda bayan haka, bishop-bishop na Latin Amurka suka gina taronsu na Medellín a kan hanyarsa.

Sai dai duniyar da ta haifi JOC ta shuɗe. A Beljiyam an kai shekarun karatun dole zuwa 18 a 1983, an rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a 1992. Yaro ɗan shekara 14 mai tafiya masana'anta da asuba ya zama tarihi, rassan Turai suka yi ta raguwa. Saɓani kan siyasa da matsayin addini a cikin ƙungiyar ya kai ga rabuwarta biyu a matakin duniya a 1986. A daidai wannan lokaci Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ɓullo da wata hanya, wato Ranakun Matasa na Duniya, waɗanda suka tara miliyoyi a Manila a 1995, suka kuma tara kimanin miliyan ɗaya da rabi a Lisbon a 2023. Irin wannan taro yana nuna wa matashi cewa ba shi kaɗai ba ne, amma kwanaki kaɗan ne ya watse, kowa ya koma majami'ar da ya baro. Shi ya sa taron bishop-bishop kan matasa na 2018, da takardar Christus Vivit da Paparoma Francis ya fitar a 2019, suka sake jaddada sauraron matasa da ba su jagorancin al'amuransu, abin da Cardijn ya fara a kan titunan Laeken.

A Nijar lamarin yana da tasa fuska. Cocin Katolika ƙarama ce a nan, mabiyanta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba. Limami François Faroud ya kafa mishan a Yamai a 1931, aka yi dayosis na Yamai a 1961, sannan na Maraɗi a 2001, wanda ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko. Da yawa daga masu bi a birane asalinsu Benin ne ko Togo ko Burkina Faso, ƴaƴansu kuwa haifaffun nan ne, Hausa ko Zabarmanci suke yi a titi. Matashin irin wannan majami'a ba masana'anta ce ke raba shi da ita ba. Abin da ke gabansa shi ne rashin aiki bayan karatu, tafiya ci-rani, auren da ya haɗa addini biyu, da zama ɗan tsiraru a cikin abokai. Ƙone-ƙonen majami'u na 16 da 17 ga Janairu 2015 a Damagaram da Yamai ya ƙara nauyin tambayar, domin gini ana sake tayar da shi da siminti, amma amana tsakanin tsara da tsara sai matasan da kansu.

Ƙasar Hausa kuma ba baƙuwa ba ce ga tsarin matasa masu mulkin kansu. Samariya ta gargajiya tana da sarkin samari da muƙarrabansa, tana kiran gayya, tana hukunta wanda ya ƙi fitowa. Gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974, aka gina azuzuwa da hannun samari, amma da yake daga sama ake juya ta, sai ta dusashe tare da mulkin da ya ɗauke ta. A shekarun 1990 fada ta maye gurbi a unguwanni, ba tare da umarnin kowa ba: matasa sun zaɓi suna da shugaba, suna tara kuɗi, suna kai wa juna gudummawa a biki da rashin lafiya. Abin da ya rayar da fada shi ne abin da ya rayar da rukunin Cardijn, wato ƙanƙanta, sanin juna da mallakar abin da ake yi.

Tarihin nan na shekara fiye da ɗari yana nuna cewa duk inda aka tsaya ga shirya wa matasa waƙa da wasa da jera kujeru, sukan zo na ɗan lokaci su wuce. Inda aka tambaye su halin da suke ciki daga Litinin zuwa Asabar, aka damƙa musu asusu da littafin rahoto da ikon yanke shawara, aka kuma jure kurakuransu, nan ne suka zauna har suka goyi na bayansu. Wannan yana da tsada ga manya, domin sakin ragama ya fi gina zaure wuya, kuma Cardijn kansa sai da ya kai ƙara Roma kafin a bar samarinsa su riƙe tasu. Malamin makaranta da jagoran ƙungiyar al'adu, ko da ba su taɓa shiga majami'a ba, suna iya gwada ƙungiyarsu da tambayoyin da aka gwada JOC da su: wa ke riƙe da kuɗi, wa ke tsara abin da za a tattauna, kuma wane aiki aka yanke a zaman da ya wuce wanda za a tambayi wani a kansa a zama mai zuwa.