Daga Akwatin Kilo 11 Zuwa Ambulan: Tarihin Siririyar Kwamfutar Cinya

 Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Ƙanina ne ya jawo maganar yau. Ya gama bautar ƙasa, ya ɗan tara abin da ya tara, sai ya zo ya same ni da dare ya ce, "Yaya, kwamfuta nake so in saya, amma guda ɗaya tak. Ina so in riƙa tace bidiyon bukukuwa da ita, da daddare in buga gem, da safe kuma in saka ta a jaka in tafi aiki ba tare da kafaɗata ta sauka ba." Na yi dariya na ce masa, kai ka san abin da ka faɗa a numfashi ɗaya, shekara arba'in injiniyoyi suka yi suna kokawa da shi? Ya ɗauka zolaya nake. To tunda na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafin ba, kuma kuɗin da ake zubawa a irin wannan na'ura ba kuɗin wasa ba ne, bari mu bi labarin tun daga tushe.

A 1972 wani masani mai suna Alan Kay, a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya, ya rubuta takarda a kan wata na'ura da ya kira Dynabook. Siririya ce kamar littafin rubutu, yaro ma zai iya ɗauka ya yi karatu, ya yi zane, ya yi wasa. A takarda ta tsaya, don kayan da za a haɗa ta ba su wanzu ba tukuna. Abin da ya fara shiga kasuwa da gaske shi ne Osborne 1, a 1981. Wai kwamfutar tafi-da-gidanka ke nan, amma nauyinta ya kusa kilo 11, kamar ka ɗauki keken ɗinki na hannu. Fuskarta inci 5 ce kacal, wato wayar da ke hannunka yanzu ta fi ta faɗin fuska. Babu batir a cikinta, sai ka nemi soket. Kuɗinta dala 1,795, kuma an saye ta sosai, sai dai kamfanin bai kai ƙarshen 1983 ba ya durƙushe.

Siffar da muka sani yau, wadda ake buɗewa a rufe kamar littafi, ta fito ne a 1982 da GRiD Compass. Wani Bature ɗan Ingila, Bill Moggridge, shi ya zana ta. Jikinta na ƙarfen magnesiyam ne, kuɗinta ya haura dala 8,000, saboda haka sojojin Amurka da hukumar NASA ne manyan masu sayenta, har sararin samaniya an tafi da ita. Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri. Toshiba ta fitar da T1100 a 1985 mai aiki da batir. A 1991 Apple ta fito da PowerBook, ta tura madannai can baya ta bar wurin ɗora hannu a gaba, tsarin da har yau kowa ke bi. A shekarar ce kuma Sony ta fara sayar da batirin litiyam, wanda ba don shi ba da duk wannan hira ba ta taso ba. IBM ta biyo da baƙar ThinkPad a 1992, mai ɗan jan maɓalli a tsakiya.

To a nan zan ɗan tsaya, don in ba ku fahimci wannan gaɓar ba, sauran labarin zai zama jerin sunaye ne kawai. Babban abokin gabar kwamfutar cinya shi ne zafi. Duk wutar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa. Idan na'ura tana shan wat 100, to kamar ka kunna tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 ne ka ɗora a cinyarka. Wanda ya taɓa kama irin wannan ƙwan da hannu ya san zancen. Babbar kwamfutar tebur tana da fili, tana da manyan fankoki, iska na shiga tana fita. Siririyar kwamfuta ba ta da wannan gatan. Dabarar da ake yi ita ce a shimfiɗa wasu siraran bututun tagulla a kan ƙwaƙwalwar, a cikinsu akwai ɗan ruwa kaɗan. Ruwan ya ji zafi ya zama tururi, ya gudu zuwa bakin fanka, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. Idan kun lura, hikimar da ke sa ruwan randa ya yi sanyi ce, ruwa idan zai tashi ya zama tururi yakan tafi da zafi. Idan kuwa zafin ya fi ƙarfin bututun da fankar, na'urar da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Shi ya sa za ka ga gem yana tafiya sumul minti goma na farko, daga baya ya fara tsinkewa, kai kuma kana zargin wanda ya sayar maka.

Kamfanin Intel ma sai da zafi ya koya masa darasi. A farkon shekarun 2000 suna ta tseren ƙara gudu da Pentium 4, har abin ya kai inda zafin ya gagara, suka soke shirin wanda zai gaje shi a 2004. Abin da ya cece su wata ƙwaƙwalwa ce da reshensu na Haifa ya ƙera domin kwamfutar cinya, Pentium M, wadda ta fito a 2003. Ba ta cika gudu a lissafin lamba ba, amma aikin da take yi da kowane wat ya fi yawa. Daga jikinta aka samo zuriyar Core, kakannin su Core i5 da i7 da kuke tambaya a kasuwa.

A wannan zamanin hanya ta rabu biyu, kuma kowane ɓangare ya yi nisa da ɗan'uwansa. Ɓangare na farko na masu son siranta ne. Ranar da ba a mantawa ita ce 15 ga Janairun 2008, a San Faransisko, lokacin da Steve Jobs ya ɗauko ambulan irin na ofis, ya warware zarensa, ya zaro MacBook Air daga ciki. Inda ta fi kauri bai kai santimita 2 ba, nauyinta kilo 1.36, kuɗinta dala 1,799. Ku duba fa, kusan kuɗin Osborne 1 ke nan, bayan shekara 27. Amma me aka sadaukar? Babu wurin saka faifan CD, ramin USB guda ɗaya ne, kuma ta farkon idan ta ɗau zafi sai ta riƙa jan ƙafa. Ni a ganina ta farkon nan ta fi kyau a hoto fiye da a aiki. Sai dai ta sauya abin da mutane ke tsammani, har Intel ta ware dala miliyan 300 a 2011 don ta tura sauran kamfanoni su yi irinta, a ƙarƙashin sunan Ultrabook.

Ɓangare na biyu kuwa na 'yan gem ne, su ba ruwansu da siranta. Alienware, wanda wasu abokai biyu suka kafa a Mayami a 1996, kafin Dell ta saye shi a 2006, ya yi suna da manyan na'urori masu fitilu kala-kala. Wasu sun haura kilo 4, cajarsu kaɗai kamar bulo. Idan fankarsu ta tashi, sai ka ce injin markaɗe aka kunna a ɗaki. Dalili shi ne gem yana buƙatar katin zane na musamman, wato GPU, wanda shi ma wata ƙwaƙwalwa ce ta biyu mai shan wuta fiye da ta farkon. Wanda ke son aiki da gem a lokacin, ko dai ya sayi kwamfuta biyu, ko ya haƙura da ciwon baya.

Me ya haɗa hanyoyin biyu? Abu na farko, masu aikin fasaha sun gano cewa katin da ke zana filin ƙwallo a gem shi ne dai ke saurin tace bidiyo da haɗa zane mai fuska uku. Nvidia ta buɗe wannan ƙofar da CUDA wajen 2007, manhajojin tace bidiyo suka fara jingina da katin. Ka ga ke nan ɗan gem da mai editin sun zama abokan ciniki ɗaya. Abu na biyu, a 2010 aka fito da dabarar Optimus, wadda ke kashe babban katin idan rubutu kawai kake yi, ta tashe shi idan aiki ya yi nauyi. Wannan ne ya sa batir ya fara yin numfashi.

Sai kamfanin Razer, ƙarƙashin Min-Liang Tan ɗan Singafo, ya fitar da Blade mai inci 14 a 2013, kaurinta bai kai santimita 1.7 ba, ga katin gem a ciki. Ta yi zafi, ta yi tsada, amma ta nuna abin zai yiwu. Wadda ta fi burge ni a duk tarihin nan ita ce ASUS ROG Zephyrus ta 2017. A shekarar Nvidia ta zo da tsarin da ta kira Max-Q. Sun lura cewa wat na ƙarshe-ƙarshe da ake ɗura wa kati ba ya ƙara wani gudu mai yawa, zafi kawai yake ƙarawa. Katin GTX 1080 na tebur yana shan wat 180, sai suka rage shi zuwa tsakanin 90 da 110, suka yarda a rasa wani kaso na ƙarfin. ASUS ta cusa wannan katin a jikin da bai kai santimita 1.8 ba. Don iska ta samu hanya, idan ka ɗaga murfin sai gindin na'urar ya ɗan buɗe da kansa, kamar mutum ya sassauta wuyan riga. Madannan kuma aka dawo da su can gaba aka bar bayan don sanyaya, wato aka juya tsarin PowerBook na 1991 a kife. Batirinta da kyar yake kai awa biyu. Abin dariya, siririyar kwamfuta ce da ba ta iya nisa da soket, kamar dai kakarta Osborne.

Shekarar 2020 ce abin ya daidaita. ASUS ta fitar da Zephyrus G14 da ƙwaƙwalwar AMD Ryzen, nauyinta wajen kilo 1.6, tana buga manyan gem, batirinta kuma yana ɗaukar yinin aiki na rubutu da lilo a intanet. Sai dai ba su saka mata kyamara ba, ga shi ta fito daidai lokacin kullen korona da duniya ta koma taro ta bidiyo. A watan Nuwamba na shekarar Apple ta fito da M1, ta saka ta a MacBook Air da babu fanka ko ɗaya a ciki, kuma tana tace bidiyo lafiya lau, ko da yake a fagen gem har yanzu Windows ce ke da yawan wasanni.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: batirin kwamfutar cinya ba ya wuce ma'aunin 100Wh, shi ya sa za ku ga an rubuta 99 ko 99.9 a manyan. Dokar jiragen sama ce ta sa haka, don abin da ya haura wannan sai da izinin kamfanin jirgi ake shiga da shi. Tunda ba a iya ƙara girman tankin, dole a rage shan man.

Sirantar nan kuma tana da farashin da ba a rubutawa a kwali. Apple ta gwada wasu madannai masu siranta sosai daga 2015, ƙwayar ƙura ɗaya kan iya hana harafi aiki, har ta watsar da su zuwa 2020, ta kuma amince ta biya dala miliyan 50 a wata ƙara a 2022. Ku tuna, wannan ƙurar ofisoshin Amurka ce fa, ba ta hunturunmu ba. Ni kaina na taɓa sayen wata siririya ta hannu, ba zan kama suna ba, hunturu ɗaya ta yi ta fara kashe kanta ana tsakiyar aiki. Da mai gyara ya buɗe, abin da ya toshe bakin fankar kamar audugar katifa. Na ce ya ƙara min RAM tunda an riga an buɗe, ya ce ai a like take da allon, yadda aka saya haka za ta mutu. Irin wannan ƙorafin ne ya haifar da kamfanin Framework, wanda ya fara sayar da siririyar kwamfuta a 2021 da mai ita zai iya kwancewa ya sauya kusan komai da sukudireba ɗaya.

To na dawo kan ƙanina. Ban faɗa masa sunan wadda zai saya ba, tambayoyi na ba shi ya tafi da su. Na ce idan an nuna maka kati, kar ka tsaya a sunansa, ka tambayi wat nawa aka ba shi, domin RTX 4060 na kwamfutar cinya ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa 115, suna ɗaya amma aiki ba ɗaya ba, kuma siraran su ne aka fi rage wa. Ka tambaya ko RAM ɗin ana ƙarawa ko a like yake. Idan ta hannu ce, ka duba lafiyar batirin, sannan ka sa a kunna gem ko a tace bidiyo na minti ashirin a gabanka, ka ɗora hannu a saman madannan, ka saurari fankar. Ya ce, "Yaya, mai shago zai yarda in zauna masa minti ashirin?" Na ce in bai yarda ba, akwai shago na gaba.

Shekaranjiya ya turo min hoton guda biyu da yake kokwanto a kansu, ɗaya siririya mai wat kaɗan, ɗaya mai ɗan kauri da ake iya ƙara mata RAM, kuma har yanzu bai yanke ba. Ku da kuka riga kuka saya, ku rubuto mana a ƙasa wacce kuka ɗauka da yadda ta yi da zafin watan Afrilu, zan karanta masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.