Tarihin Buɗaɗɗen Karatun Jami'a ta Intanet

Buɗaɗɗen karatun jami'a ta intanet tsari ne da jami'a ke sakin darussanta ga duk mai so, ba jarrabawar shiga, ba neman takardar shaida, galibi kuma kyauta. Tushensa ya girmi intanet. A 1969 Birtaniya ta kafa jami'ar Open University, bisa shawarar Firayim Minista Harold Wilson da tsayin dakan minista Jennie Lee. Ɗalibanta na farko, kimanin 25,000, sun fara karatu a 1971: littattafai ta gidan waya, lacca ta rediyo da talabijin na BBC, sannan malami mai duba aikin kowane ɗalibi. Nijeriya ta bi sahu da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, ta sake buɗewa bayan shekara ta 2000.

Da intanet ta yaɗu, sai jami'ar MIT ta Amurka ta sanar a watan Afrilun 2001 cewa za ta zuba kayan darussanta kowa ya ɗiba. Ta fara da kwasa-kwasai 50 a 2002, zuwa 2007 sun kai 1,800. Sai dai wannan rumbu ne aka buɗe, ba aji ba. Ga takardun lacca da tambayoyin jarrabawa, amma ba malami, ba abokin karatu.

Ajin ya zo ne a 2008 daga Kanada. George Siemens da Stephen Downes suna koyar da wani kwas kan nazarin yadda ake koyo a Jami'ar Manitoba, ɗalibai 25 ne suka biya kuɗi. Sai suka bar ƙofa a buɗe, mutum sama da 2,000 suka shigo daga ƙasashe daban-daban ba su biya ko sisi ba. Ra'ayin malaman biyu shi ne ilimi ba a kan mutum ɗaya yake ba, yana warwatse ne a tsakanin jama'a, aikin ɗalibi shi ne ya ƙulla zaren. Don haka kowa ya rubuta fahimtarsa a inda ya ga dama, kullum kuma a tattaro rubuce-rubucen a aika wa kowa, wannan ya gyara wa wancan, wancan ya yi masa ƙari. A kan wannan kwas ne Dave Cormier ya raɗa sunan MOOC, wato darasin intanet na taron jama'a mai buɗaɗɗiyar ƙofa. A ganina nan ne tsarin ya fi kusa da manufarsa, domin ɗalibai sun zama malaman juna.

Abin da ya biyo baya ya ɗauki sunan ya bar salon. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford, mutum 160,000 suka yi rajista. Cikin 2012 aka ƙaddamar da kamfanonin darussan intanet Udacity da Coursera, MIT da Harvard kuma suka zuba dala miliyan 60 suka kafa dandalin edX. Sai darasi ya koma gajerun bidiyo da tambayoyin da na'ura ke makawa: malami ɗaya yana magana, dubbai suna saurare.

Labarin da ya fi yawo a lokacin shi ne na Battushig Myanganbayar, yaro ɗan shekara 15 a birnin Ulan Bato na Mangoliya. Cikin kusan mutum 155,000 da suka yi rajistar darasin lantarki na MIT a 2012, kimanin 7,000 ne suka ci, 340 kacal suka cinye maki duka, yana cikinsu. Shekara na zagayowa MIT ta ɗauke shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yaron ba shi kaɗai ya zauna gaban kwamfuta ba. Shugaban makarantarsu tsohon ɗalibin MIT ne. Shi ya tara yara kusan 20 suka bi darasin tare, ya kuma gayyato wani masani daga Amurka ya riƙa haɗa musu wayoyi da na'urori suna gwadawa da hannunsu. Bidiyon daga Amurka ya zo, amma a cikin wannan ɗakin aka yi karatun.

Inda babu irin wannan ɗaki, sakamakon bai yi daɗi ba. A 2013 Jami'ar Jihar San Jose ta gwada koyar da lissafi ta hanyar Udacity ga ɗalibai masu rauni, waɗansunsu ko kwamfuta ba su da ita a gida. Fiye da rabi suka faɗi, aka dakatar da shirin cikin watanni. Binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, wanda mujallar Science ta buga a 2019, ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne na masu shiga darussan MIT da Harvard a edX ke kammalawa, yawancinsu kuma daga ƙasashe masu arziki suke. Wannan abin takaici ne, don talakan da aka ce dominsa aka buɗe ƙofar shi ne ya fi wuyar kaiwa ƙarshe.

Daga nan kamfanonin suka karkata ga sayar da takardar shaida da digiri na kuɗi. Annobar korona ta 2020 ta sake kwararo musu miliyoyin ɗalibai. A 2021 MIT da Harvard suka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, a watan Yulin 2024 kuma 2U ya shigar da takardun karyewar jari a kotu. Rumbun da MIT ta buɗe a 2002 dai yana nan, ana ɗiba kyauta.