Ƴan Bida da Gida: Tarihin Zumunci Tsakanin Ƙasar Madawa, Buza da Keita da Ƴaƴanta Mazauna Waje

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin shekaru ɗari na sarauta a wannan yanki namu, wajibi ne ya keɓe babi guda domin talakawan sarki waɗanda ba su kwana a ƙasar sarki. Su ne ƴan bida, waɗanda kan bar gida bayan an kai hatsi rumbu, wasu su dawo da saukar ruwan farko, wasu su shekara biyu ko uku, wasu kuwa su yi aure can, su hayayyafa, har jikokinsu su tashi ba su taɓa ganin duwatsun Adar ba. Da wuya a sami gida ɗaya daga Bangi zuwa Tamaske, ko daga Sabon Gida zuwa Ibohaman, wanda ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, ko Kumasi, ko Legas, ko Libiya.

Wannan fita ta girmi zuwan Nasara da nisa. Ƙasarmu mararraba ce tun asali: arewa ga Abzin, kudu ga Gobir da Kabi da Katsina. Tun lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ƙasar Adar a wajajen 1674, hanyoyin da ke haɗa Agadas da ƙasar Hausa suka ƙara ratsa ta cikinmu, kamar yadda Farfesa Djibo Hamani ya bayyana a bincikensa kan tarihin Adar. Ayarin Kel Geres kan sauko da gishiri da dabino, ya koma da gero da tufafi. A ƙarni na 19 kuwa, bayan kafuwar daular Sakkwato, Adarawa da yawa suka gangara kudu suka zauna, har sunansu ya zama sunan unguwanni da garuruwa a can. Daga kasuwanni irin su Jega ake ɗaura kaya bisa jakuna a nufi Gwanja fataucin goro, tafiyar watanni, ana kai kanwa da fatu da saƙi. Garin Salaga shi ne matattarar wannan fatauci, kuma da yaƙin basasa ya watsa shi a 1892, Hausawan da ke ciki suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara. Zangunan da suka kafa su ne suka zama masaukin ƴaƴanmu a ƙarnin da ya biyo baya. Yaron da ya sauka Kumasi ba ya buƙatar tafinta: ya tarar da Sarkin Zango, da limami, da mai gida mai karɓar baƙi, da tuwo irin na gidansu.

Zuwan Turawa ya sauya dalilin tafiya. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar kudancin yankinmu a rabon Ingila. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka nemi gyara, aka sake shata iyaka a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya bi ya kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Da haka aka wayi gari ɗan'uwa yana ƙasar Ingilishi, ɗan'uwansa yana ƙasar Faransi. Sabuwar hukuma ta ɗora haraji, ba da daɗewa ba ta ce da kuɗinta kawai za a biya, ta kuma kawo aikin dole da ɗibar soja. Talakan da ba ya da abin sayarwa sai gero ina zai sami kuɗin Nasara? Sai ya bi sawun kakanninsa zuwa kudu, inda ake biyan lada a gonakin koko, da ramukan zinariya, da tashoshin jiragen ruwa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, da ta 1931 da fara ta haddasa, kowace ta kori jama'a masu yawa, ba duka ne kuma suka dawo ba.

A nan ne sarauta da bida suka fara cuɗanya, kuma cuɗanyar ba ta zo da sauƙi ba. Kumandan yana ƙirga kawuna, yana jiran kuɗi daga hannun sarki. Masu kawunan kuwa suna can bayan iyaka. Sarkin da ya matsa wa jama'a sai gari ya watse a dare ɗaya. Wanda ya sassauta kuma sai ya fuskanci fushin bariki. Sarakuna da masu gari da suka daɗe bisa gado su ne waɗanda suka gane cewa mai tafiya ba ɓatacce ba ne, suka riƙe masa gonarsa, suka tsare masa iyalinsa, shi kuma ya riƙa aiko da harajinsa ta hannun abokan tafiya. An soke aikin dole a 1946, amma tafiya ba ta tsaya ba, domin zuwa lokacin ta riga ta zama al'ada. Saurayin da bai taɓa zuwa bida ya dawo da akwati da keke da turamen zane ba, da ƙyar iyayen yarinya ke sauraren maganarsa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, alƙibla ta karkata zuwa Kodebuwa, musamman bayan abin da ya faru a Gana. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Mutanen da suka shekara ashirin suna tara dukiya suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Irin wannan ya sake faruwa a Nijeriya a farkon 1983 zamanin Shehu Shagari, da kuma 1985. A Kodebuwa yaƙi ya ɓarke a Satumba 2002, ya sake tashi bayan zaɓen 2010, baƙi suka sha wuya. A 2011 rushewar mulkin Gaddafi ta maido dubun dubatar ƴan Nijar gida hannu wofi, jihar Tawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, ga shi kuma daminar shekarar ba ta yi kyau ba. Gidan da ke jiran saƙo duk wata sai ga mai saƙon a ƙofa yana neman abinci. Duk da haka, da zarar ƙura ta lafa sai a sake ɗaura jaka.

Me suke yi a can? Talla da gadi da dako da sayar da ruwa, da tebirin shayi, da tukubar nama, da wankin takalmi. Daga nan mai rabo ya kai ga shago, ya kai ga sito, ya kai ga motocin kansa. A Abijan akwai wani abinci na garin rogo da soyayyen kifi wanda talakan birnin duka ke ci, ana kiran sa garba, kuma mutanen can da bakinsu suke cewa sunan ya samo asali ne daga ƴan Nijar da suka shahara da sayar da shi. Ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya sa wa abincin masu gari sunansa.

Amma in ana neman inda jarin gida da na waje suka haɗu suka haifi arziki na gaskiya, to, albasa ce. Fadamun Tarka da Majiya da kwarin Keita su ne cibiyar noman albasar nan mai launin shuni da duniya ta sani da sunan Galmi, maƙwabciyarmu ta yamma. Manomi a Sabon Gida ko Tunfafi ko Tamaske yana shuka, yana ban ruwa, yana adanawa a rudu har farashi ya tashi. Dillali a tasha yana haɗa shi da mai saye. Babbar mota ta ɗauka ta yi kwanaki a hanya. Wanda zai sauke ta a Abijan ko Ankara ko Lome ko Kwatano kuwa sau da yawa ɗan garin nan ne, ko jikan ɗan garin nan. Kaya na miliyoyin sefa kan tashi ba tare da takarda ko ɗaya ba, sai amana da sanin gidan uban juna, kuma in an sami saɓani a can, a ƙofar fada ake warware shi a nan. Kuɗin bida ne ya sayi yawancin injunan ban ruwa na farko a garuruwa da dama, shi ne kuma jarin da ɗan lambu ke rantawa kafin kaya su nuna. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta tsananta rayuwa, amma ta sa albasar Turai ta yi tsada a kasuwannin bakin teku, tamu ta ƙara samun shiga. Wannan sana'a ma ba ta tsira daga girgiza ba. A 2021 hukumomin Gana suka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie a Ankara, suka mai da ƴan kasuwar Adjen Kotoku a bayan gari, aka ɗauki lokaci kafin masu saye su saba da sabon wuri. A 2023 kuma rufe iyakoki bayan sauyin mulki na watan Yuli ya sa motoci suka tsaya da kaya masu ruɓewa.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da maza ba su cika son a faɗa ba, amma littafin tunawa irin wannan bai kamata ya tsallake shi ba. Lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin gwamnatin Italiya da taimakon FAO da hukumar abinci ta PAM, ana tsakiyar fari, majiya ƙarfi sun fita. Mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka tona ramuka a fako, suka jera shingayen tare ruwa a gangaren tudu, ana biyan su da abinci. Cikin kimanin shekaru ashirin aka farfaɗo da fiye da hekta 30,000, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18. Haka a kwarin Majiya na ƙasar Buza, inda aka fara dasa layukan dogon yaro masu kare iska a 1975 tare da ƙungiyar CARE. Ƙasar da ɗan bida ke dawowa ya tarar da ita kore, uwarsa da matarsa da ƙanwarsa ne suka raya ta. Su ne kuma ke riƙe gida shekara da shekaru, wani lokaci ba saƙo ba labari.

A ganina, in an auna abin da bida ta kawo, mafi girmansa ya tafi ne ga ciki: buhun gero a watannin bazara da tsakiyar damina, kuɗin magani, kuɗin aure da suna. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin a 1973 da 1984 da 2005 gidaje da yawa da saƙon ɗa suka ga kaka. Bayan ciki sai gini: gidan siminti da kwano, shago a bakin kasuwa, masallaci, kujerar Makka ga iyaye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin tarayya mai ɗorewa. Ƙungiyoyin ƴan gari a Abijan da Legas da Yamai sun iya haɗa kuɗi in an yi rasuwa ko gobara, wasu sun gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyi, amma ba kasafai ake ganin sun haɗa jari sun gina babban ma'ajin albasa ko wurin sarrafa ta ba, alhali kowa ya san yawan abin da ke ruɓewa tsakanin girbi da sayarwa. Dalilin a fili yake. Mutum ya aiko da kuɗin gini ya dawo ya tarar da tushe kawai. Wani ya sayi fili ya tarar an sayar wa mutum biyu. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ya gwammace ya binne dukiyarsa a ƙasar mutane, inda takarda ɗaya ta gwamnati za ta iya raba shi da ita cikin mako biyu.

A wannan gurbi sarauta na da aikin da ba wanda zai yi mata. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye waɗanda sarakuna da masu gari ke zama a cikinsu, kuma shaidarsu ce tushen takardar gado da ta saye da ta jingina. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya samar da magadan gari da majalisu da a lokacin ake iya ƙulla yarjejeniya da su a rubuce. Hanyar aiko da kuɗi ma ta sauƙaƙa: abin da dā ake ɗinkewa cikin rigar direba, kamfanonin gida irin su Al Izza da Nita da Amana sun mai da shi aikin minti kaɗan. Hukuma a nata ɓangare ta kafa majalisar ƙoli ta ƴan Nijar mazauna waje, kuma a zaɓen 2016 an keɓe musu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki, aka riƙa kiran su jiha ta tara, kamar yadda Tarayyar Afirka ke kiran ƴan asalin nahiyar da ke ƙetare yanki na shida.

Zumuncin al'ada kuwa bai jira doka ba. Makaɗa da mawaƙa kan bi ƴan gari har masaukinsu, su kirari mutum da sunan kakansa a tsakiyar Ajame, ya yi kyautar da zai kwana yana tunani. Kokowar takobi, wadda aka fara a birnin Tawa a 1975, ana sauraren ta a zangunan waje kamar ana bakin fili. Abin damuwa shi ne ƴaƴan da aka haifa can: da yawa suna jin Hausa amma ba su san sunan unguwar kakansu ba, ba su da takardar haihuwa ta nan, wani lokaci ba su da ta can. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, ƴancin shiga da fita da yarjejeniyar 1979 ta ba mu ya koma abin da ake tattaunawa a kai tsakanin gwamnatoci, kuma takarda ta ƙara daraja ga duk mai zama a ƙasar wani. Fada ita ce wurin da aka san wane ɗan wane ne. Rajista guda a kowace fada, mai ɗauke da sunan kowane ɗan ƙasa da ke waje, da garin da yake, da gidan da ya fito, da gonar da ya bari da wanda ke riƙe da ita, aiki ne da magatakarda ɗaya da wakilan ƙungiyoyin ƴan gari za su iya farawa a rani mai zuwa, kafin masu tafiya su tashi.