Harshe da Zuciya: Adabin Hausa da Zaman Ƙarƙashin Nasara

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojan Ingilishi suka shiga birnin Kano, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato. Da labari ya iske su sai jama'a ta rabu uku. Alu ya bar rundunarsa da dare, daga baya aka kama shi, ya ƙare kwanansa a Lakwaja cikin 1926. Waziri Ahmadu ya gwabza da Nasara a Kwatarkwashi, ya faɗi a fagen fama. Wambai Abbas kuwa ya komo birni da sauran mutane, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Su ukun nan duk 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, kowannensu kuma yana da hujjar abin da ya zaɓa. Hijira, da shahada, da zama bisa sulhu, su ne hanyoyin da suka buɗe wa Musulmin ƙasar Hausa a shekarar nan, a kansu ne kuma adabin zamanin ya yi ta kai da komowa.

Waƙar Zuwan Annasara, wadda ake jingina wa Sarkin Musulmi Attahiru, ita ce muryar masu hijira. Mai waƙar bai ga halalcin zama inda hukunci ya koma hannun wanda ba Musulmi ba, saboda haka ya fuskanci gabas. Dubban mutane suka bi shi, har da talakawan ƙasar Kano, tafiyar kuwa ta ƙare a Burmi cikin Yuli, 1903. Hujjar waɗanda suka zauna tana cikin wasiƙar da Wazirin Sakkwato Buhari ya rubuta da Larabci zuwa ga ma'abota ilmi. Ya ce sun yi shawara da malamai, suka ga in an watse ba sauran mai tsai da salla da shari'a, sai suka yarda a bi Nasara da harshe cikin al'amuran duniya, a tsare zuciya. Amma duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, sai da ya nemi fatawar Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, wanda ya tuna masa Bagadaza ma ta taɓa faɗawa hannun Tatar, Musulunci bai ƙare ba. Darajar wasiƙar nan ita ce mai ita bai ɓoye shakkarsa ba.

Wannan rabuwa ta harshe da zuciya ita ta haifi habaici cikin waƙoƙin masu sarauta. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda Turawa suka naɗa cikin 1903, ya yi waƙoƙi da ajami, cikinsu har da Waƙar Diga a kan aikin hanyar jirgi. Mai karanta su a hankali ya kan ji nauyin mutumin da aka sa shi tara wa baƙo ma'aikata daga cikin talakawansa. Shi ma a ƙarshe tuɓe shi aka yi, aka kai shi Lakwaja.

Da boko ya kafu sai al'amarin ya sake kama. Cikin 1933 Dokta R. M. East na Ofishin Talifi a Zariya ya sa gasar rubuta labarai, aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubutan yawancinsu malaman makaranta ne ko ma'aikatan En'e, mai duba rubutunsu kuwa Bature ne. Malam Bello Kagara ne kaɗai ya tunkari yaƙin Nasara. Ganɗokinsa ya yi faɗa da su yana kirari, da aka ci ƙasa ya nufi gabas, ya shiga duniyar aljannu inda takobinsa bai taɓa kasawa ba, sa'an nan ya komo gida ya yaba zaman lafiyar da ya tarar. Waɗansu masana sun ɗauki ƙarshen nan fadanci ne. Amma fa ya kamata a lura da inda mai littafin ya zuba ƙarfin alƙalaminsa: shafuffukan yaƙi su ne masu rai, yabon kuwa gajere ne. Watau abin da Waziri Buhari ya bayyana da hujja, Malam Bello ya aikata shi da labari.

To, duk waɗannan muryoyin fada ne da na makaranta. Ƙasar Kunci, a arewacin Kano wajen iyakar Kazaure da Katsina, ƙasar gero da dawa da gyaɗa ce, gona na haɗe da gona, irin wurin da mulkin Nasara ya iso ta hannun ɗan gari. Wajen 1908 aka fitar da hakimai daga birni su zauna cikin gundumominsu. Haraji ya koma na sule da kwabo maimakon wuri. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, sai damina ta ƙi cikin 1913, yunwar Kakalaba ta biyo baya cikin 1914. A nan gwajin zuciya ya fi tsanani ga dagaci da mai unguwa. Hakimi na jiran kuɗi, Razdan na jiran hakimi, wanda za a karɓa a hannunsa kuwa suruki ne ko abokin kaciya, rumbunsa ba kome. In ya tausaya rawani ya tafi, in ya matsa zumunci ya tafi. Manomi shi ma yana da nasa: ya ba gyaɗa fili ya sami kuɗin haraji, ko ya ba hatsi ya ci da iyali. Ba ko ɗaya cikin littattafan biyar da ya tsaya a kan wannan.

Inda aka ji bakin mutanen ƙauye, maganarsu ta sha bamban da ta fada. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau, aka buga cikin 1954, ta tuna zuwan Turawa da cewa shi ne ya kawo ƙarshen harin bayi. Wanda aka taɓa sace masa uwa ba zai auna shekarar 1903 da mudun da Waziri ya auna ta ba.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu kukan talaka ya shiga rubutacciyar waƙa sosai. Sa'adu Zungur, cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya gargaɗi sarakuna da abin da ya sami takwarorinsu na Indiya, Mudi Sipikin ya amsa masa da Arewa Jumhuriya Kawai. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, waƙoƙinta suka bi kasuwannin ƙauye suna ambaton haraji da jangali da aikin tilas da sunansu. Matsin kuwa ya komo cikin gida, gama wanda ya karɓi katin jam'iyya ya san yana iya tsayawa gaban alƙali, ko ya rasa mai ba shi aure. Harajin nan bai tafi da Turawa cikin 1960 ba; gwamnatin Abubakar Rimi ce ta soke shi a Jihar Kano cikin 1979.

Saboda haka malamin da zai koyar da adabin wannan zamani ya kyautu ya aje Ganɗoki kusa da wasiƙar Waziri, ya kuma nuna wa ɗalibai wanda ba ya cikinsu. Abin da dagatan ƙasar Kunci da manomanta suka ɗauka a zuciya bai shiga ɗab'i ba. Abin da ya saura daga cikinsa yana cikin waƙoƙin niƙa da daɓe, da sunayen da aka sa wa shekarun yunwa, da abin da jikoki suka riƙe daga bakin kakanninsu, tattara shi kuwa aiki ne da ba ya son jinkiri.