Shugaban Ɗalibai a Gidan Kwana: Daga Bolona da Azhar Zuwa Samaru



In ana maganar tarihin jami'a, abin da aka fi kawowa shi ne sunayen shehunan malamai, da littattafan da suka wallafa, da shekarar da aka aza harsashin gini. Ba kasafai akan tuna da ɗalibin nan da aka ɗora wa nauyin gidan kwanan 'yan'uwansa ba, wanda ake tashe shi da tsakar dare in wani ya kwanta ciwo, ko an yi sata, ko famfo ya ƙafe. A kan wannan ɗalibi zan yi magana yau. Muƙaminsa ya kusa kai jami'a kanta tsufa, kuma tun asali akwai tambaya guda da ke biye da shi: shin wakilin ɗalibai ne a gaban hukuma, ko kuwa idon hukuma ne a cikin ɗalibai?

Bari mu fara da birnin Bolona na ƙasar Italiya. A ƙarni na 12 samari suka riƙa kwarara can daga sassan Turai don koyon shari'a. Baƙi ne, dokar gari ba ta ba su kariya irin ta 'yan gari, masu gidajen haya suna tsawwala musu kuɗi, har akan kama ɗalibi saboda bashin da wani ɗan ƙasarsu ya ci ya gudu. Ganin haka sai suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya bisa ga ƙasashen da suka fito, suka riƙa zaɓen shugaba daga cikinsu. Daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya daga baya akwai cewa sai wanda ya yi shekara 5 yana karatun shari'a, kuma ba shi da aure. Kuɗin haya kuwa aka mai da shi hannun wasu masu ƙiyasi, rabinsu ɗalibai suka zaɓa, rabi mutanen gari, kuma duk mai gidan da ya saɓa sai a ƙaurace wa gidansa na wasu shekaru. Babban makaminsu shi ne su kwashe ya-nasu-ya-nasu su bar garin, su bar 'yan kasuwa da masu haya suna cizon yatsa. Irin wannan ƙaura ce ta haifi Jami'ar Paduwa a 1222. Watau shugabancin ɗalibai bai samo asali daga siyasa ba, daga makwanci da abin sawa a baka ya faro.

A Faris da Oksfod ma da farko ɗalibai kan haɗa kuɗi su kama gida, ɗaya daga cikin manyansu ya tsaya wa mai gida a kan haya, ya kula da cefane da rufe ƙofa. Amma a nan malamai ke riƙe da jami'a, saboda haka sannu a hankali suka janye wannan shugaba zuwa ɓangarensu. Wajen 1410 Oksfod ta hana ɗalibai zaman kansu a cikin gari, ta ce dole kowa ya zauna a gidan da jami'a ta amince da shi. A 1432 kuma aka ce ba mai shugabancin irin wannan gida sai wanda ya riga ya sami digiri. Daga nan ya tashi daga ɗan'uwa ya zama maigida.

Da hukuma ta karɓe gida, sai ta ga ba za ta iya sanin abin da ke faruwa cikin kowane ɗaki ba sai da taimakon mazauna ɗakin. A makarantar Wincesta ta Ingila, wadda aka kafa a 1382, doka ta ce a kowane ɗakin kwana a sa ɗalibai 3 waɗanda suka fi saura shekaru da natsuwa, su lura da karatu da halin 'yan ɗakinsu, su kai rahoto. Wannan shi ne kakan firifet ɗin da muka sani a makarantunmu na kwana. Jami'o'in Jamus na ƙarni na 15 sun wuce nan. A gidajen kwanansu akan naɗa wani ɗalibi a asirce, ana kiransa kerkeci, aikinsa ya rubuta sunan duk wanda ya ji yana magana da Jamusanci maimakon Latin, don a ci shi tara. Wanda ya taɓa biyan tara don ya yi Hausa a sakandare ya san ɗanɗanon wannan. Ga shi dai mun sami jinsi biyu na shugaba: na Bolona wanda ɗalibai suka zaɓa don ya tsaya musu, da na Wincesta wanda aka naɗa don ya sa musu ido.

Kada a ɗauka Turai ce kaɗai ta san wannan matsala. Masallacin Azhar na Alƙahira, wanda aka gama gininsa a 972, a da ya daɗe yana saukar da ɗalibansa a sassa da ake kira riwaƙi, kowane yanki na duniyar Musulmi da nasa: na mutanen Magrib, na mutanen Sham, na Turkawa, na mutanen Jawa, har da na Barnawa. Tun ma kafin haka, masanin tarihin Masar Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka gina a tsohuwar Alƙahira a tsakiyar ƙarni na 13, inda matafiyansu ke sauka. Kowane riwaƙi yana da shehinsa, galibi malami ne daga ƙasar mazauna riwaƙin, a ƙarƙashinsa kuma akwai naƙibi mai kula da littafin sunaye da rabon gurasar da ake samu daga dukiyar waƙafi. Abin lura a nan shi ne shugaban riwaƙi yana jin harshen mutanensa, ya san gidajen da suka fito, shi ke sulhunta su, shi ke magana da bakinsu a gaban Shehul Azhar. Ƙarfinsa daga gurasar yake, domin wanda babu sunansa cikin littafi ba shi da rabo. A tsangayunmu ma gardi ne ke tsaye tsakanin alaramma da ƙolo, shi ke biya wa yara karatu, shi ke riƙe da bulala, ko da yake ba wanda ya zaɓe shi.

To, da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun, watau Ibadan, a 1948 ƙarƙashin Kenneth Mellanby, tsarin Ingila aka ɗauko, na cewa ɗalibi ya kwana ya ci a cikin jami'a. Kowane gida da malamin da ke shugabancinsa, ɗalibai kuma su zaɓi nasu kwamiti da ciyaman. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ta bi wannan sawu, da gidaje irin su Ribaɗu da Amina da Ɗanfodiyo a Samaru. A takarda tsarin ya haɗa na Bolona da na Wincesta: ɗalibai ke zaɓe, amma hukuma ke riƙe da kuɗi da mabuɗi da ikon kora. A ganina nan ne rauninsa yake. An ba shugaban ɗalibai bakin kai kuka, ba a ɗora wa kowa wajibcin amsa masa ba.

Ku dubi inda manyan rigingimun jami'o'in Nijeriya suka faro. A 1957 ɗaliban Badun suka yanke shingen da aka kewaye gidajen kwanansu da shi, suna ganin an mai da su kamar fursunoni, aka rufe kwalejin na ɗan lokaci. A 1971 mazauna gidan Nnamdi Azikiwe na jami'ar suka kai ƙara a kan yadda ake tafiyar da ɗakin cin abincinsu, suka nemi a sauya mai kula da shi. Maganar ta yi ta jan ƙafa har ta fita daga gida ɗaya ta game jami'a duka, aka kira 'yan sanda, ranar 1 ga Fabrairu harsashi ya kashe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju. Kukan da ya kamata ya ƙare tsakanin ciyaman na gida da ofishin kula da ɗalibai, shi ne ya ƙare a maƙabarta. A 1978 kuma ƙarin da aka yi a kan kuɗin abincin yini ya tayar da tarzomar da aka laƙaba wa sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya a lokacin. An rasa rayuka a Ikko da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa.

Abin da ya faru a Samaru a 1986 ya fi kusa da batunmu. Ɗalibai suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda suka mutu a 1978, jerin ya ratsa ta gidan Amina, wanda na mata ne, doka kuwa ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka yi bore, ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 4 suka mutu, ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Dokar hana maza shiga gidan mata doka ce mai kyau, iyaye da yawa a kan ta suka yarda 'ya'yansu mata su zo jami'a, kuma karya ta laifi ne. Sai dai da aka fara da kawar da shugabannin, ba a bar kowa da zai tsaya tsakani ba a ranar da aka fi bukatarsa. In ka cire marfin tukunya ka ƙara wuta, ba ka tambayar abin da ya sa ta yi ambaliya. Bayan wannan ne aka ƙara ɗaure ƙungiyoyin ɗalibai, har aka yi Doka ta 47 ta 1989 wadda ta ba hukuma ikon rushe su.

Akwai wani canji da bai yi ƙara kamar waɗannan ba, amma ya fi su sauya aikin shugaban gida. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Ɗakin cin abinci, inda dukan mazauna gida ke haɗuwa sau uku a yini, inda shugaba ke jin koke tun yana ɗanye, ya mutu. Risho da tukwane suka shiga ɗakunan kwana. A lokaci guda yawan ɗalibai ya ninka, gini bai bi shi ba, ɗakin da aka yi domin mutum biyu ya koma ɗaukar ninkin haka, ban da masu raɓe waɗanda ba su cikin littafi. Daga nan aikin ciyaman, ko gwamna kamar yadda wasu jami'o'i ke kiransa, ya koma na ruwa da lantarki da shara da tsaro, da sanin wane ne ke kwana a wane gado.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Gado ya zama abin da gurasa take a riwaƙin Azhar, kuma duk wanda ke kusa da littafin sunaye yana cikin jarrabawa. Jami'a na son ya tona masu raɓe da masu sayar da gurbin gado, 'yan'uwansa na son ya rufa musu asiri, alhali shi ma ɗalibi ne mai jarrabawar ƙarshen zango a gabansa, wa'adinsa shekara guda, kuma galibi ba a koya masa yadda ake sulhu ko abin da zai yi in ya ga alamar wani na neman hallaka kansa ba. Ma'aikatan ofishin kula da ɗalibai da ke cikin wannan zaure za su iya farawa da abubuwa biyu da ba su bukatar kasafin kuɗi mai yawa: a horar da zaɓaɓɓun shugabanni na 'yan kwanaki kafin a buɗe gidaje, kuma a sa iyakar ranakun da dole a ba da amsa a rubuce ga duk takardar koke da ta fito daga kwamitin gida.